Tsagar Agana da Ƙanena Ya Koyo

Mu biyu mahaifinmu ya bari a kan sana'a, ni da ƙanena, kuma ni ne babba da shekara huɗu. Shekara huɗun nan na riƙe su kamar gonar gado, ba na yarda kowa ya taka mini su. Mahaifinmu shi ne sarkin askar garinmu, wani ƙaramin gari mai ganuwa a kan hanyar Maska, kuma tun kafin in iya rataya zabira kowa ya san wanda zai gaje shi. Ni na fara aski, ni na fara ƙaho, ni na fara yi wa yara kaciya ba tare da an tsaya a kaina ba. Hannuna kuwa, ba yabon kai ba, ko yanzu da yake rawa akwai wanzaman da ba su kai shi ba. In na kafa wa mutum ƙaho a baya, jini ne zai fito baƙi ƙirin, mutumin ya miƙe yana cewa kamar an sauke masa dami. Haka tsohonmu ya koya mana, tsaga sai ta yi jini. In ya ga hannun ɗayanmu yana noƙewa sai ya ce ya ajiye askar ya tafi Maska ya koyi saƙa, kuma ƙanena ne ya fi shan wannan gorin.

Shi mutum ne mai sanyin hannu da yawan tambaya. Sai ya bar mutum da rabin kai a aske yana tambayarsa yadda ake haƙa rijiya a garinsu. Da ƙarfin tsohonmu ya fara ja baya, ni na raba mana aiki. Na ɗauki cikin gari, da gidan mai gari, da gidan liman, da inuwar cediyar kasuwa. Shi kuma na ba shi ƙauyukan Maguzawa da ke can bayan fadama, inda sai ka yi tafiyar rabin yini kafin ka aske kai uku, a sallame ka da dawa a ƙwarya. Don in nuna masa matsayinsa na yi haka, ba zan ɓoye ba. Ya ce to, ya ɗauki zabirarsa ya tafi, ko a jikinsa.

A wancan zamanin, in kana son sanin abin da duniya ke ciki, tabarmar wanzami za ka nema. Fatake masu dawowa daga kudu a gabana suke tuɓe hula, suna ba da labarin wani jirgin ƙarfe a kan Kwara da ke tafiya da wuta, ba mai tura shi da gora. Masu zuwa daga arewa kuma zancensu ɗaya ne, mahara sun fara samun bindiga, nan gaba kibiya sai dai a harbi zomo da ita. Mai garinmu ma ya sayo guda biyu a hannun wani madugu, ɗaya ta ƙi tashi, maƙera suka taru a kanta wata guda suna gardama. Ni da nake aske shi duk Alhamis, ni nake fara jin saƙon da ya zo daga birni, ko na gyaran ganuwa, ko na neman mayaƙa, ko an tuɓe wane an naɗa wane. Sai in fito da shi kasuwa in riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, mutane suna bin bakina da ido. Wallahi na fi jin daɗin wannan a kan abin sallamar askin.

Tsohonmu ya rasu da kaka, ana cikin yankan dawa. Aka yi sadakar arba'in, na zuba ido in ji kira daga gidan mai gari, shiru. Wai sai an gama aikin ganuwa za a yi naɗi, don an aiko daga birni a toshe duk inda damina ta zubar kafin rani ya yi nisa. Na ce ba komai, rawani nawa ne, ko yau ko gobe. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa agana ta ɓulla wajen Musawa, tana bin hanyar fatake gari-gari.

Wanda bai ga agana ba ba zai gane abin da wannan labari ya yi wa mutane ba. Ni da ƙanena mun yi ta muna ƙanana, muka sha da ƙyar, ta ɗauke 'yan'uwanmu biyu a mako ɗaya. Mata ko sunanta ba sa kamawa, sai su ce ado. Ga shi kuma saboda tsoron mahara mutanen gona duk sun kwaso sun shigo cikin ganuwa, kowane gida ya cika maƙil, har zaure an mai da shi ɗaki. Kowa ya san in ta shigo ta same mu a haka, ba sai mahara sun wahalar da kansu ba.

Ran kasuwa ina aske wani mahauci, ƙanena yana gefe a tasa tabarmar da ba kowa a kai, sai na ji yana gaya wa wani dattijo cewa a ƙauyukan da yake zagayawa ba sa tsoron agana kamar mu. Wai akwai wata tsohuwa Bamagujiya da ke ɗauko ruwan ƙurjin agana ta sa wa lafiyayyen yaro a damtse, yaron ya yi zazzaɓi, ya fitar da 'yan ƙuraje da za ka iya ƙirgawa, ya warke, shi ke nan cutar ta bar shi har abada. Wai tun da daɗewa ya lura, don yana aske su yana duba fuskokinsu, da wuya ya ga mai zanzana. Rani uku ya yi yana bin tsohuwar, yana yi mata ƙaho, yana saro mata itace, kafin ta yarda ya tsaya kusa ya gani.

Na yi dariya da ƙarfi don a ji. Ba wanda ya taya ni. Mahaucin da ke hannuna ya juya kansa gaba ɗaya wajen ƙanena, saura kaɗan in cire masa kunne. Kafin in ankara masu jiran aski a tabarmata sun tashi ɗaya bayan ɗaya sun koma can sun tsuguna. Shekara goma sha ina zaune a gindin cediyar nan, ban taɓa ganin ƙeyar mutane haka ba. Raina ya ɓaci. Na gaya wa kaina haushin ƙaryar da yake yi ne. Ba haka ba ne, hassada ce tsagwaronta, kuma tun a ranar na gane ta.

Kwana biyu bayan haka mai gari ya kira mu. A zauren akwai liman, da wani malami da ya daɗe a Kano yana karatu, da dattawan unguwanni. Mai gari ba mutum ne mai dogon zance ba. Ya ce shi abin da ya dame shi ganuwa ce. In agana ta kwantar da samari, wa zai hau ta, wa zai tsare ƙofa? An ce masa ɗan sarkin aska ya zo da wata dabara, yana so ya ji. Da ya ce ɗan sarkin aska na gyara zama, sai na ga ba ni yake kallo ba.

Ƙanena ya faɗi abin da ya gani, kansa a ƙasa. Liman ya ce shi zuciyarsa ba ta kwanta ba, yaya za a ɗauko cuta da hannu a sa wa wanda Allah ya bar shi da lafiyarsa. Malamin nan ya ce ya taɓa ji a bakin Larabawa 'yan kasuwa cewa a ƙasashensu ma ana yin irin haka, kuma neman magani ba saɓo ba ne. Suka ɗan ja a tsakaninsu. Sannan mai gari ya juyo gare ni.

"Kai ne babba. Me ka gani?"

Da na ce ban sani ba, bari in bi shi in gani, da yau ba wannan labarin nake bayarwa ba. Amma cewa na yi, "Ranka ya daɗe, shekarun da na yi ina bin mahaifinmu ban taɓa ganin ya yi wannan ba. Aikin tsafi ne. Ku tambaye shi in ba sai an yanka baƙar kaza ake yi ba."

Ni ban san ko ana yanka kaza ba, canka kawai na yi. Ƙanena ya ce, "Gaskiya ne, Yaya, suna yankawa. Ni kazar na bar musu, tsagar na ɗauko. Na yi wa yara huɗu a can da bismillah kawai, duk sun tashi."

Dattawa suka yi murmushi. Ni kuwa ji na yi kamar ya watsa mini ruwan wanke-wanke a gaban jama'a. Mai gari ya yanke magana, ya ce ba zai hana ba, ba zai tilasta ba. Wanda yake so ya kai ɗansa, amma a bayan ganuwa, a bukkokin gonar fadama, kuma kada wanda aka yi wa ya shigo gari sai ɓawon ƙurajensa ya zube. Muna fitowa ƙanena ya biyo ni har bakin masallaci.

"Yaya, ka zo gobe mu tafi tare. Hannunka ya fi nawa, in ka gani sau biyu ka iya. Akwai abubuwan da sai an nuna wa mutum."

"Ni za ka koya wa tsaga?" na ce. "Ranar askin sunanka ni na riƙe wa Baba zabira."

Na wuce na bar shi a tsaye.

Da fari waɗanda suka riga suka binne 'ya'ya ne kawai suka kai nasu. Bayan mako uku yaran suka fara dawowa gari, sun rame amma da ƙafarsu, kowane da ɗan tabo a damtse kamar ƙwayar wake, suna nuna wa juna suna fahariya. Daga nan hanyar fadama ta cika. Ina zaune a gindin cediya in ga mata suna wucewa da goyo, ba mai ko tsayawa ta gaishe ni yadda aka saba. Masu zuwa aski ma sun daina neman labarin jirgin wuta, sun daina neman na birni. Tambayarsu ɗaya ce, yaya ƙanenka yake yi, ai gidanku ɗaya, ka sani. In ce sirrin sana'a ne, in danne kan mutum da ƙarfi.

Yaro ɗaya ya mutu a bukkokin, ɗan wani majemi, dama ba shi da ƙwari. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da na ji, sanyi na ji a raina. Na je na yi wa uban ta'aziyya da baki, zuciyata tana cewa to, yanzu a gani. Amma ba wanda ya ja da baya, don a makon nan labari ya zo cewa a wani gari gabas da mu masu haƙa kabari har sun gaji. Mai gari da kansa ya tura 'ya'yansa biyar. Da suka dawo ya aika wa ƙanena riga saƙi, saƙar Maska. Ni shekara nawa ina aske masa kai, hular kirki bai taɓa ba ni ba. Ƙanena ya saka ta ran Juma'a, ta yi masa yawa, yana tafe yana tattare hannuwa, 'yan kasuwa suna tsokanarsa suna cewa ga sarkin aska ya fito. Wasa suke yi, amma ni na san yadda irin wannan wasan yake ƙarewa. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Abin bai tsaya a garinmu ba. Wata hantsi wani manzo ya sauka daga doki a gaban tabarmata, daga wani gari ta wajen Malumfashi, wanda mai garinsu da namu suka daɗe suna jayayya a kan iyakar gonaki. Ya gaishe ni da ladabi har ƙasa, ya ce ni ne ɗan sarkin aska? Na ce ni ne. Ya ce ubangidansa ya ji labarin tsagar da nake yi, yana roƙo in taimaka musu. Na buɗe baki ke nan, wani mai sayar da gishiri ya ce ai ba wannan ba ne, ƙaramin ake nufi, yana fadama. Manzon ko kunya bai ji ba, ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ja dokinsa. Daga baya mai garinmu ya ba da aron ƙanena na kwana uku, aka ce a kan haka maganar iyakar nan ta mutu. Ka ji fa, yaron da na tura ƙauye ya ci wuya, shi ne yau ake sulhun garuruwa da shi.

'Ya ɗaya nake da ita a lokacin. Yayyenta biyu sun rasu suna jarirai, ita kaɗai ta tsaya, shekararta bakwai. Idanunta manya ne irin na uwarta, kuma baki gare ta, duk inda na zauna tana gefe tana yi mini surutu. Wata safiya uwarta ta same ni ina wasa aska.

"Malam, maƙwabta duk sun kai nasu. Ka bar ni in kai ta wajen Baffanta."

"A gidan nan babu wanzami ne?"

"Akwai. Amma shi ne ya koyo."

"In kika fita da ita ƙofar nan, ki wuce gidanku."

Ban taɓa yi mata irin wannan maganar ba sai ranar. Ta tashi ta koma ga dakanta.

Ba a yi kwana goma ba agana ta shigo gari, ta sauka a gidan da muke danga ɗaya da su, ta kama maigidan, wani ɗan koli da ya dawo daga tafiya. Na rasa inda zan sa kaina. In na bar yarinyar haka, ga cuta a bayan danga. In na kai ta fadama, gari duka zai ji cewa babban ɗan sarkin aska ya ɗauki 'yarsa ya kai wa ƙanensa, rawani kuwa ya tafi ke nan. Sai na ce ai ba dole sai ɗayan biyun ba. Zan yi da kaina, in ta tashi lafiya in kai ta gaban mai gari ya ga cewa abin da ƙanena yake yi ba wani abu ba ne, kuma nawa ya fi kyau.

Na taɓa ganin yadda yake yi sau ɗaya. Na fake da zuwa duba gonata, na laɓe a bayan tarin kara ina leƙe kamar ɓarawon akuya. Na ga ƙanena ya riƙe damtsen wani yaro, ko aska bai ciro ba, ƙaya ce a hannunsa. Ya ɗan karce fatar, ko jini bai fito ba, ya dangwala wani abu da tsinke, ya saki yaron. Na ce a raina, ka gani, har yau tsoron jinin nan bai bar shi ba. In wannan ɗan karcen yana magani, ina ga tsaga ta gaske? Ban ga inda ya samo ruwan ƙurjin ba, ban kuma ga dalilin damuwa ba. A sana'armu mun san magani mai ƙarfi shi ke aiki, cuta kuma a jini take, sai ka buɗe wa magani hanya ya isa can.

Da safe na shiga gidan maƙwabcina da sunan dubiya. Yana kwance a kan rairayi, ƙurajen sun haɗe, fuskar ba ta ganuwa, ɗakin yana wari. Na ce wannan ita ce mai ƙarfin, ita nake so. Na ɗebo ruwan a ɗan ƙoƙo na ɓoye a hannun riga. Uwar yarinyar ta tafi rijiya. Na kira 'yata bayan rumbu, na zaunar da ita a kan turmi, na ciro askar da na fi ji da ita. Na yi mata tsaga uku a kowane damtse, masu kyau, a jere, irin waɗanda nake yi kafin in kafa ƙaho, jini ya gangaro har gwiwar hannu. Na shafa ruwan, na cusa shi sosai da babban yatsa. Ba ta yi kuka ba, ta cije leɓe kawai hawaye na zuba.

"Baba, naka ya fi na Baffa, ko? Su ɗaya-ɗaya aka yi musu, ni shida."

"Ya fi," na ce.

Uwarta ta dawo ta ga tsumma ɗaure a hannuwan, ta sauke tulu, ta dube ni ta daɗe. Abin da ta ce kawai shi ne, "Allah ya sa ka san abin da ka yi."

Bayan mako zazzaɓi ya rufe ta, jikin kamar garwashi. Ni ina jiran 'yan ƙurajen nan da ake iya ƙirgawa. Har na fara ƙirgawa, wallahi, na wuce ashirin a fuska kaɗai na daina, don kafin azahar sun rufe wuya da ƙirji, washegari sun kai tafin ƙafa da cikin baki. Tsagogin shida suka kumbura suka zama gyambo. Idanunta suka manne. Tana kirana tana lalube, ni kuwa ga ni a gabanta. Na yi duk abin da na sani, na jiƙa sassaƙe, na yi turare, na karɓo rubutu wajen liman. Sau biyu na sa takalmi zan tafi fadama, sau biyu na tuɓe shi a zaure. Ko a wannan halin abin da nake hangowa shi ne fuskar 'yan kasuwa in sun gan ni a hanyar can. A rana ta uku uwarta ba ta tambaye ni ba, ta yafa zane ta fita da rana tsaka, ta dawo da ƙanena.

Ya durƙusa a gaban yarinyar, ya kwance tsumman, ya daɗe yana duban tsagogin. Ya san hannuna, ba sai an gaya masa ba.

"Daga wa ka ɗebo, Yaya?"

Na nuna danga da haɓa.

Ya rufe ido. "Ba a ɗiba daga wanda ta kayar. Daga yaron da aka yi wa ake ɗiba, wanda nasa ya zo da sauƙi, a ranar da ƙurjin ya yi ruwa bai kai ga mugunya ba. Kuma fata kawai ake ɗagawa. In jini ya gudu an buɗe mata ƙofa ta shiga da ƙarfinta. Tsohuwar nan ta buge mini hannu ya fi sau goma kafin in daina dannawa." Sannan a hankali ya ce, "Da ka tambaye ni."

Na so ya zage ni. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Kwana tara ya yi yana zirga-zirga tsakanin fadama da gidana. Shi ya kwantar da ita a kan rairayi mai laushi, yana ɗiga mata ruwa a ido da auduga, yana ba ta koko kaɗan-kaɗan a bakin ludayi. Ni in na taɓa ta sai ta zabura. Shi in ya ce ni ne, Baffa, sai ta lafa. Ina tsaye a bakin ƙofa, 'yata tsakanin rai da mutuwa ta dalilina, abin da ke cin zuciyata kuwa shi ne don me take lafawa a hannunsa. Allah ya yafe mini, haka abin yake.

Ta rayu. Fuskarta ta cika da zanzana. Idon dama ya buɗe lafiya, na hagu ya buɗe fari fat, bai ƙara gani ba. Maƙwabcina ya mutu. Gari ya ɗauka ta danga cutar ta tsallako, har ana tausaya mini, ana cewa Allah sarki, ga shi gidan wanzamai amma ba a kai ta da wuri ba. Ƙanena bai buɗe baki ba, uwarta ma haka, tabon nan shida kuma ya saje da sauran.

Da damina ta faɗi cutar ta lafa, ganuwa ta gyaru, mahara kuma ba su zo ba a shekarar. Mai gari ya kira mu biyu a kan maganar naɗi. Kowa ya san inda zuciyarsa take, haka ma yawancin dattawa. Liman kaɗai ke cewa ba a tsallake babba. Kafin mai gari ya gama shimfiɗa magana ƙanena ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, bayan Baba sai Yaya. Ni a bar ni da ƙauyukana." A ranar aka naɗa ni. Ana ɗaura mini rawanin ina ji kamar sadaka aka miƙo mini. Mutane suka yi ta cewa ka ga ɗan halak, ka ga mai zumunci. Rawanin yana kaina, yabon yana wajensa. Haushinsa da na ji a ranar ya fi na ranar riga.

Na riƙe sarauta, ba wanda ya taɓa raina ni a fuska. Duk ranin da aka ji ƙishin-ƙishin agana, mai gari zai aiko mini tunda ni ne sarkin aska, ni kuma in aika wa ƙanena, shi ya fita fadama da ƙayarsa. Ban taɓa koya ba. Ya sake yi mini tayi sau ɗaya, na ce ayyuka sun yi mini yawa. 'Yata ta girma, mai hankali, mai ladabi, surutun nan duk ya tafi. In za ta dube ni sai ta juyo da fuskarta duka. Ba ta taɓa tayar da zancen ba ko sau ɗaya, har na fara gaya wa kaina ta manta, ai yarinya ce a lokacin.

Ta auri wani marini a unguwar gabas. Da cikinta na fari ya tsufa ta dawo gida haihuwa kamar yadda ake yi, ta haifi namiji. Jikana na fari, a cikin gidana, ni kuma sarkin askar gari. Ba ma abin tambaya ba ne wa zai yi masa askin suna, ya cire masa beli, ya yi masa zanen gidansu. Tun ana saura kwana biyu na wasa aska har tana ɗaukar ido. Ran suna da safe, bayan an raɗa suna an raba goro, na rataya zabira na nufi ɗakin mai jego. Uwarta ta tare ni a tsakar gida. Sai muryar 'yata ta fito daga bayan asabari.

"Baba, ka yi haƙuri. Na aika a kira Baffa."

"Me ya faru?" na ce.

"Ba komai, Baba. Shi nake so ya yi masa."

Mai haihuwar fari ko kallon ɗanta ba ta yi a gaban mutane, balle ta yi wa ubanta magana a kansa. Ta ajiye wannan kunyar duka ta yi. Tsakar gida cike da mata, kowace ta sunkuyar da kai tana neman abin yi. Na juya na koma zaure na zauna da rawanina. Ba a daɗe ba ƙanena ya yi sallama, shi ma gemu ya fara fari. Ya durƙusa ya gaishe ni gaisuwar sarauta, ya ce an aiko masa, amma ba zai shiga ba sai na yarda. Na ce ya shiga.

Na kasa kunne. Ina jira jaririn ya tsala kuka irin wanda za a ce hannun ya yi nauyi, ina jira ƙwarai, ni kakansa. Ya ɗan yi ƙara sau ɗaya ya yi shiru, sai na ji mata suna sa wa ƙanena albarka.